Ƙanenki Ya Ce Ya Ci Gwaji

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Waya ba za ta yi mana ba. Ke sai an ɗaga murya kike ji, ni kuma maganar da ke bakina ba ta ɗaga murya ba ce, ga gidan namu kin san shi, in aka yi tari a ɗaki sai an ce sannu daga falo.

Yaya, ƙanenki maigidana ba shi da lafiya, kuma ya ƙi yarda.

Kin san keken ɗinkina a bakin taga yake, tagar kuma tana kallon matakalar bene. Da can in ya dawo daga aiki, kafin in ɗauke ƙafa daga kan keke ya iso ƙofa. Yanzu sai ya tsaya a hawa na biyu, ya ciro waya ya yi kamar yana karanta saƙo, ɗayan hannun yana murza ƙirji. Yana tsammanin ba na ganinsa. Ya shigo rigarsa jiƙe da gumi, ya ce gari ne da zafi. In na yi magana ya ce olsa ce, ya kurɓi farin maganin nan ya kwanta. Ni dai ban taɓa jin olsar da ke jiran mutum a kan bene ba. Ba sai na tuna miki yadda Baba ya tafi ba, ke kika ba ni labarin da bakinki: yana buɗe shago ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a kawo ruwa shi ke nan. Shekarun ƙanenki yanzu sun kai na Baba a lokacin.

Kwanakin baya makarantar da yake ja wa motar ɗalibai ta ce duk direban da ya haura hamsin sai ya je asibiti an gwada zuciyarsa. Na yi murna, na ce Allah ya kawo mai raba gardama. Na ba shi maganinsa na hawan jini da shayi kamar kullum, na yafa mayafi na bi shi.

Ɗakin gwajin ɗan ƙarami ne, da gado ɗaya da wani inji mai shimfiɗar baƙar roba da ke gudu ƙarƙashin ƙafa, kana tafiya amma kana wuri ɗaya. Suka aske masa gashin ƙirji, suka manna masa wayoyi, ya hau. Injin yana ƙara sauri yana ƙara tudu. Yaya, ƙanenki ya damƙe ƙarafan gefe ya ɗora musu duk nauyinsa, yana ta zolayar mai gwajin, wai shi da ya saba tura mota wannan ai wasan yara ne. Ni kuwa leɓensa nake kallo. Na ga lokacin da ya cije shi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Mai gwajin ya tambaye shi ko yana jin wani abu a ƙirji, ya ce ko kaɗan, gwiwa ce dai ta fara damunsa. Aka tsayar da injin. Na buɗe baki zan yi magana, ya yi mini kallon nan nasa, na haɗiye.

Suka ce ba su ga wata alama ba. Ya kai wa makaranta sakamako, suka ce ya ci gaba da aiki. Tun ranar ba ni da bakin magana a gidan nan. Ko tari na yi sai ya ce in je a ɗora ni a kan injin, shi dai ya ci gwaji. Amma jiya ma ya tsaya a hawa na biyu, kuma ya daɗe fiye da kullum.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kika goye shi, ke kaɗai yake jin nauyi a duniyar nan. Don Allah ki yi masa magana. 'Yan Biyunmu suna can makaranta, ban gaya musu ba, kada in raba musu hankali.

Ki gaida mini kowa da kowa.

Taki,
Amarya, tunda har yau kun ƙi canza mini suna

*

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida, ina fata kuna lafiya. Amsarki ta iso, na karanta har sau ba adadi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na san kin kira shi, don na ji yana ta ce miki to, to, in sha Allahu. Yana ajiye wayar ya juyo ya tambaye ni tun yaushe na fara kai ƙararsa. Ya ce ina neman in ɗora masa ciwon da likita bai ɗora masa ba, in kuma gajiya na yi da shi in faɗa. Wannan maganar ta yi mini ciwo, Yaya, amma ba ita ce ta sa na ɗauki biro ba.

Na koma asibitin ni kaɗai. Na zauna a benci tun safe har rana ta take, sannan likitar zuciya ta ba ni dama. Mace ce mai ɗan jiki, da tabarau a rataye a wuya. Ta ce ba za ta buɗe mini bayanin mijina ba shi ba ya nan, amma za ta saurare ni. Na zayyana mata komai, har da benen. Ta tambaye ni wane magani yake sha, na nuna mata kwalin. Ta duba shi, sannan ta yi mini bayani yadda zan gane.

Ta ce zuciya ma tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. In sun fara toshewa, mutum yana zaune ba a ganewa, sai an sa zuciyar aiki sosai ta nemi jinin ta rasa. Shi ya sa ake ɗora mutum a injin. To in ya sauka kafin bugun ya kai inda ake so, ko ya rataye a jikin ƙarfe, ko ya sha irin maganin nan da ke rage saurin zuciya, gwajin bai kammalu ba. Ba a gani ba daban, babu daban. Kuma ko an yi komai daidai, wayoyin nan kaɗai sukan wuce wasu masu ciwon. Ta ce abin ya daɗe yana damunta, shi ya sa suka sauya tsari. Yanzu suna haɗawa da sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, sai dai a ƙirji. A ɗauki hoton zuciya kafin mutum ya hau, a sake ɗauka yana sauka tun bai huce ba, a ga da ido ko wani sashe ya gaza. Ta ce duk waɗanda gwajinsu ya tsaya rabi an kira su a waya su dawo.

Yaya, ashe sun kira shi. Da na tambaye shi ya ce e, ya ce musu yana zuwa. Ya ce wanda ya ci jarrabawa ba ya komawa aji, kuma shi ya san in aka ci gaba da tono sai an tono abin da zai raba shi da sitiyari.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Malamar da ke raka yara a motar tasa ni nake mata ɗinki. Ta kawo yadi shekaranjiya, ina auna ta take ba ni labari, ita a ganinta abin yabo ne. Wai ranar Talata taya ta yi faci ya canza ta shi kaɗai, suka tashi, ba su yi nisa ba ya gangara gefen titi ya sauka, ya ce zai ƙara duba ta. Ta leƙo ta gan shi a durƙushe ya jingina goshi da jikin mota, ko taɓa tayar bai yi ba. Ta ce Baba Direba akwai kula. Tef ɗin awo ya faɗi daga hannuna, na ce mata santsi gare shi.

Motar nan cike take da 'ya'yan mutane, wasu ko ɗaure takalmi ba su iya ba. Hanyarsu ta bi ta kan gada. In abin ya zo masa a can fa? In na yi shiru wani abu ya faru, da wane ido zan kalli iyayensu? In kuma na je na faɗa, na tona wa mijina asiri, na cire masa abinci daga baki, mutumin da tun yana saurayi bai san wata sana'a ba sai tuƙi. Gaba kura, baya sayaki. Kullum da safe in na ji ya ja ƙofa sai in kama addu'a. Ina ɗinki ina ɓata wa mutane kaya, jiya na haɗa hannun riga a baibai har sau biyu.

Ki gaya mini abin da zan yi, Yaya. Wallahi na rasa tudun dafawa.

Ƙanwarki,
Amarya

*

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da ke da duk mutanen gida. Ki yi haƙuri ban jira amsarki ba, abin ya fi ƙarfin jira.

Ranar Litinin da safe ya ɗauki makulli, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce masa ya zaɓa, ko ya je asibiti da ƙafarsa, ko ni in je makaranta da tawa. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, “Ki je ɗin.” Ya raɓa ta gefena ya fita. Bai yi zaton zan iya ba. Ni ma ban yi zato ba.

Na je, Yaya. Na zauna gaban shugaban makarantar, na gaya masa abin da na sani. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙanenki ya fi kowa daɗewa a wurin, ko fitilar mota bai taɓa fasawa ba, amma ba zai sake ba shi makulli ba sai ya kawo sabon sakamako. Da na fito na hango motar a farfajiya, yana goge gilashi yana waƙa, bai san komai ba. Na bi ta ƙofar baya kamar ɓarauniya.

Ya dawo tun kafin azahar, a ƙafa. Bai zage ni ba, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daina yi mini magana, ya daina cin abincina. In na ajiye masa sai in zo in ɗauke yadda na ajiye. Ya kwashe kayan sawarsa ya koma ɗakin 'Yan Biyu. Maƙwabta suna tambaya ko Baba Direba hutu ya samu, ina cewa e. Na ji yana gaya wa abokinsa a waya cewa zai je a yi gwajin don kawai ya kunyata ni, in ya fito lafiya kuma akwai magana. Na san wace magana ce, ta saki ce. Na ce a raina, Allah ya sa in kunyata, ya sa maganar ta tabbata a kaina, in dai zuciyar tasa lafiya take.

Jiya aka yi. Likitar ta riga ta gaya masa yadda zai dakatar da maganin nan kafin ranar, kuma ya bi, don ya ce ba ya son a sami abin fakewa. Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba. Na bi shi a baya, ya shiga gaban tasi na shiga baya.

Ɗakin dai shi ne, amma an matso da gadon dab da injin, an ƙara wata na'ura mai allo kamar talabijin. Da farko suka kwantar da shi ta gefen hagu, likitar ta shafa masa wani mai mai sanyi, ta ɗora abin sikanin. Yaya, na ga zuciyar ƙanenki. Shekara da shekaru ina zaune da ita ban taɓa ganinta ba sai jiya, wata aba toka-toka tana matsewa tana saki. Likitar ta ce a kwance dai zuciyar tana aikinta.

Ya hau injin. Wannan karon mai gwajin ya ce ya ɗora yatsu kawai a kan ƙarfen, kada ya damƙa. Likitar ta ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, duk abin da ya ji ya faɗa, ita ba makaranta take yi wa aiki ba, shi take yi wa. Ya yi murmushi ya ce ba matsala. Injin ya fara tudu. Zolayar ta ƙare. Numfashinsa ya cika ɗakin. Na ga ya cije leɓe, na ga hannunsa na hagu ya saki ƙarfen ya nufi ƙirji, ya tuna, ya mayar. Ta tambaye shi, ya girgiza kai. Ta dubi allonta ta sake tambaya. Sai na ji muryar da ban san shi da ita ba, ƙarama kamar ta yaro, ya ce, “Ya riƙe ni.”

Kafin in ƙifta ido sun tsayar da injin, sun kwantar da shi, tana cewa maza maza kafin zuciyar ta huce. Yana haki, gumi yana zuba a kan zanen gado, tana bin ƙirjinsa da abin nan. Aka sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Ni ina jikin bango ina ta salati.

Da ya dawo daidai ta juyo masa da allon, ta jera hotunan biyu, na kafin da na bayan. Ko ni da ban yi karatun likita ba na gani. A na farko duk zuciyar tana matsewa tare. A na biyu gefe ɗaya yana ta fama, ɗaya gefen kuwa ya yi lakwas, da ƙyar yake motsi. Ta nuna masa da biro ta ce nan ne jini ba ya isa. Ya daɗe yana kallo. Bai yi gardama ba. Ya tambaye ta ko irin na mahaifinsa ne, ta ce ba ta ga na mahaifinsa ba, amma nasa ta gani, kuma ta gan shi da sauran lokaci.

Ba su bar shi ya koma gida ba. Yau da safe sun zura masa wani siririn bututu ta jijiyar hannu har zuciya don su ga toshewar. Sun ce ba wuri ɗaya ba ne, kuma babbar jijiyar saura ƙiris ta rufe. Magani ba zai yi ba, sai an buɗe ƙirji.

Na yi gaskiya, Yaya, kuma ban taɓa ƙin gaskiyata irin yau ba. Ina rubuta miki ne a kan gwiwata a barandar asibiti. Har yanzu bai ce mini uffan ba. In na shiga sai ya juya fuska bango. Na kira 'Yan Biyu, suna hanya. Ki sa a yi masa addu'a, ki sa duk wanda kika sani ya yi. In wani abu ya same shi a ɗakin tiyata yana fushi da ni, ban san yadda zan yi da raina ba.

Taki cikin damuwa,
Amarya

*

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Na san 'Yan Biyu sun kira sun sanar da ku, amma sun ce ba su tabbata kin ji duka ba, kuka ya hana ki. To ga shi a rubuce ki karanta da idonki: an yi aikin, ƙanenki yana da rai.

Sun shiga da shi da sassafe, ba su fito ba sai bayan la'asar. Da za a tura gadon na kama ƙarfensa na ce ya yafe mini. Ya rufe ido. Ban sani ba ko allurar ce ta fara aiki ko amsar ke nan. Yinin nan ba zan iya kwatanta miki shi ba. Duk ƙofar da ta motsa sai na miƙe. Da likitan tiyatar ya fito yana cire hula, na kasa tambayarsa, sai Hassana ce ta yi ƙarfin hali. Ya ce sun ɗebo jijiya daga ƙafarsa sun yi wa jinin sabuwar hanya, ya kewaye inda ya toshe. Husaini ya ce ashe Baba ko a cikin ƙirjinsa sai da aka yi masa kwana. Muka yi dariya muna hawaye.

Kada in ɓoye miki, jikin da sauransa. Ya rame, ga ɗinki tun daga wuya har ciki, in zai yi tari sai ya rungume matashi. Likitar ta ce sai an bi a hankali, kuma maganar jan motar yara a ajiye ta. A gabana ta gaya masa. Ya kalli silin, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Ban san me zai yi da kansa ba in ya warke. Ban san ko zai dawo ɗakinmu ba. Ina kwana ina tashi da wannan.

Shekaranjiya da rana yaran sun fita neman abinci, saura ni da shi. Ina zaune nesa kaɗan kamar yadda na saba yanzu. Sai ya ɗaga yatsa ya yafito ni. Na sunkuya na kai kunne bakinsa, na shirya wa ko wace irin magana. Ya tambaye ni wa aka ba motar. Na ce wani sabon direba ne. Ya yi numfashi ya huta, sannan ya ce, “Ki je ki gaya masa, akwai wata 'yar ƙarama da ke barci a kujerar ƙarshe. Ba a hango ta ta madubi. Kullum ya taka har baya ya duba kafin ya rufe mota.” Ya ce kada in aika, in je da kaina, don ni ce in na ce zan je ina zuwa.

Na je a ranar. Na sami sabon direban na gaya masa, na sa ya maimaita mini. Da na dawo na ce na isar, ya gyaɗa kai, ya ce in ɗan ɗaga masa matashin, in kuma zauna nan kusa, kujerar can ta yi nisa.

Ki zo, Yaya. Na san tafiyar da nisa, ga ƙafa, amma ki zo. Ya tambaye ki. Ni ma ina bukatar wanda zan yi kuka a gabansa ba tare da na fita baranda ba.

Allah ya kawo ki lafiya. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki har kullum,
Amarya